Fulas ɗin Rigakafi da Ƙafar Yaya Buba

Tun da na dawo ban samu na sha shayi a majalisarmu cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce in ba shi labarin sanyi, wancan ya ce wai da gaske ne Turawa na kwana ɗaki ɗaya da karnuka. Mai facin keke ma da ba mu saba ba sai da ya tare ni ya ce, "Malam Ado, jirgin nan yana da banɗaki kuwa?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta. Akwai kuma tambayar da ke bakin kowa amma ba wanda ya yi mini ita, kunya ce ko tausayi ban sani ba, wato zancen fulas ɗin da aka gan ni na shiga mota da shi. Ita ma zan amsa ta.

Ga wanda bai san ni ba, aikina allurar rigakafin dabbobi. Na daɗe ina bin rugage daga Haɗeja zuwa Malam Madori da Birniwa a kan babur, fulas cike da ƙanƙara rataye a kafaɗata. Abin da ke cikin fulas ɗin ƙwayar cuta ce da aka raunana, mu tsira wa saniya, jikinta ya koyi faɗa da ita. In zafi ya taɓa ta, ta mutu, ka yi wahalar banza. Na faɗi wannan ne don a gane inda kaina ya tafi daga baya.

Yayana Buba shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Manomin shinkafa ne a fadama, da 'yan shanunsa, mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ba. Ciwon suga ya jima yana cinsa a hankali. Tun bara ƙafarsa ta hagu ta fara sanyi, ya yi taku kaɗan ya tsaya, da daminar bana ta kama kuma yatsu biyu suka yi baƙi. Muka kai shi wani asibiti a Kano aka ɗauki hoton jijiyoyin jininsa. Likitan ya ɗaga hoton a taga, ya nuna mana inda hanyar jinin ta toshe. Ya ce a yanke ƙasa da gwiwa, kuma kada a jinkirta.

A daidai lokacin abubuwa biyu suka haɗu. Sunana ya fito cikin waɗanda za a tura Ingila kwas na mako uku kan adana maganin rigakafi. Sannan maƙwabcinmu Malam Yohanna, tsohon malamin firamare, mutumin kudancin Kaduna da ya tsufa a unguwarmu, ya sami wasiƙa daga 'yarsa Rifkatu, likitar da ke bincike a can. Malam Yohanna ba ya karanta wasiƙar Rifkatu shi kaɗai. Kujera yake fitarwa ƙofar gida, ya sa tabarau, ya fassara wa duk mai wucewa ko bai tambaya ba. Ran nan ya karanto cewa suna ɗaukar ƙwayar cutar mura su raunana ta, su ɗora mata wani saƙo, ta kai shi cikin bangon jijiyar jini don jijiyar ta daina toshewa.

Ina jin an ce ƙwayar cuta da aka raunana na miƙe tsaye. Ai wannan sana'ata ce! Me ake buƙata ban da sanyi da hannun da ya iya allura? Ga fulas, ga ni. Ban rubuta wa Rifkatu na tambaya ba, don wasiƙa wata guda take yi a hanya. Na shiga wurin Yaya na durƙusa na ce, "Yaya, kada ka yarda kowa ya taɓa ƙafar nan sai na dawo."

Ya dube ni, sannan ya ce, "To, Ado. Sai ka dawo."

Matarsa, Yaya Hajjo, tana bakin ƙofa ta ce, "Likita fa cewa ya yi kada a jinkirta." Na ce mata likitan Kano bai san abin da duniya ke ciki ba. Wallahi haka na ce, da bakina.

Ranar tafiya kogi ya cika har ya hau gonakin gefen hanya, masunta na ta jefa koma a inda wata biyu baya ake kiwo. Malam Yohanna ya rako ni tasha da ƙunshin bandar kifi da daddawa da yaji, ya ce, "Ka ce wa yarinyar nan ta riƙa cin abinci." Motar da na samu kanta-kanta ce, kafin Gujungu taya ta fashe, muka fito muka tsaya a yayyafi. Wata tsohuwa ta ga fulas ta miƙo mini kofi in tsiyaya mata ruwan zafi. Da na ce babu komai a ciki, ta ce, "To ɗan nan, me ya sa ka rungume shi haka?" Fasinjoji suka yi dariya, ni ma na yi, don ina ganin ni na san abin da ba su sani ba.

A jirgi aka zaunar da ni kusa da wata mata Inyamura, nas ce, haifaffiyar Jos, Hausarta ta fi ta wasu 'yan garinmu. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta hana ni zuba gishiri a shayi ina tsammanin suga ne. Ta ga babban ambulan da na ɗora a cinya na ƙi sa shi a sama, ta tambaya, na ciro hoton ƙafar Yaya na nuna mata har ina yi mata bayani. Ta ɗaga shi a 'yar tagar jirgin, fara'arta ta ɗauke.

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

"Kwana goma ke nan."

"Malam, kana sauka ka nemi waya ka kira gida."

Na yi mata godiya, na ce a raina ita ma irin likitan Kano ce.

Kan iyaka kuwa sai da na raina kaina. Wani ɗan ƙaramin kare mai kunnuwa har ƙasa ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Wani jami'in kwastan ya buɗe, warin daddawa ya bugi hancinsa, ya ja da baya yana tambaya ko wani abu ne ya mutu. Kifi da daddawa suka tafi kwandon shara ina kallo, na ji kamar Malam Yohanna ne aka wulaƙanta. Yaji ne kawai ya tsira, don yana aljihun rigata. Sai ya ɗauko fulas ya girgiza, ya ce me zan yi da shi babu komai a ciki. Ni kuma da Turancina na ofis, cikin alfahari, na ce ƙwayar cuta zan ɗebo a ciki in kai Najeriya. Mutumin ya ajiye fulas ɗin a hankali, ya kira na gaba da shi, shi ma ya kira wata mata. Awa biyu na yi a wani ɗaki ina bayani. Takardar kwas ɗin ce ta cece ni, da matar ta ga maganar rigakafin shanu ta yi dariya, ta ce in daina faɗin haka a filin jirgi.

An sauke ni gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ita kaɗai sai kyanwa. Mutuniyar kirki ce, amma gidanta babu buta, kuma har banɗaki ta shimfiɗa kafet. Na nemi kwalbar madara na mayar buta, na yi alwalar farko na jiƙa mata kafet ɗin sharkaf. Ba ta yi faɗa ba. Washegari na tarar da roba da tsohon tawul a ajiye. Abincinta dankali dafaffe da wake kore da nama ba gishiri ba barkono. Na riƙa barbaɗa yaji a ɓoye, har ta kama ni ta ce ta ɗanɗana. Ta yi tari, ta yi hawaye, ta sha ruwa kofi biyu, kashegari kuma ta sake miƙo farantinta.

Abin da ya fi wahalar da ni rashin gaisuwa. Ranar farko na shiga bas na yi wa kowa barka da asuba, suka sunkuyar da kai kamar na zo roƙo. Rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, na zauna da alwala ina jiran magariba har barci ya fara ɗaukata. Shanunsu na gani a wata gona da aka kai mu, manya-manya, ba ƙaho ba tozo, kowace da lamba a kunne, ba makiyayi ko ɗaya. Na tambayi mai gonar sunan wata jar saniya, ya duba kunnenta ya karanto mini lamba. Na tuna Yaya, da in ya tsaya bakin fadama ya yi kira ɗaya shanunsa ke baro ciyawa su taho.

Sai ranar Asabar na samu na tafi wurin Rifkatu, can arewacin ƙasar. Tsohuwar mai gidan ce ta buga mata waya ta kuma rubuta mini inda zan canja jirgin ƙasa. Duk da haka na wuce tashar, don ina jiran kwandasta ya yi kira irin namu, sai da na dawo baya. Ina sauka na hango ta cikin kwat, ta taho da gudu, ta rusuna a gaban Turawa ta ce, "Kawu, sannu da hanya. Ya mutan gida? Ya Baba Buba?" Na ce lafiya lau, kamar yadda aka saba cewa. Ban faɗi abin da ya kawo ni ba, don ba a tarar mutum da buƙata tun a bakin ƙofa. Na ba ta labarin kifinta da aka zubar, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce tana da zomaye da za ta duba, in zo in ga wurin aikinta.

Mai kula da zomayen wani ƙato ne mai zane-zane a damtse, wanda da a hanya na gamu da shi da na tsallaka titi. Amma na ga yadda ya ɗauko zomo ya kwantar a ƙirjinsa yana yi masa magana, kowanne da sunan da ya raɗa masa. Na ce wa Rifkatu, "Wannan shi ne Bafulatanin gidan nan." Ta fassara masa, ya ji daɗi ƙwarai, ya sa na shafa cinyar zomon na ji inda aka ɗinke.

Daga nan ta zaunar da ni ta yi mini bayani, da Hausa, a hankali, irin na 'yar malamin firamare. Ta ce kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da rubutaccen umarni da ta gada, shi take bi. Ƙwayar cutar mura kuwa gwana ce wajen kutsawa cikin ƙwayoyin jiki ta sauke nata umarnin. To su sai su cire mata abin da take hayayyafa da shi, su sa nasu saƙon a gurbin, ta zama 'yar aike. Ta nuna mini wani siririn bututu mai 'yan balan-balan biyu a baki. Ana zura shi cikin jijiya, a hura su biyun su tare jini gaba da baya, a zuba ruwan ƙwayar a tsakani ya jiƙa bangon jijiyar na ɗan lokaci. Na ce, "Kamar yadda muke datse ruwa a kwamin shinkafa." Ta ce, "Haka fa, Kawu."

Ta sa idona a madubin likita. Na ga wani zobe ja-ja, da ɗigo-ɗigon shuɗi jefi-jefi a gefensa na ciki. Ta ce wannan jijiyar zomo ce, duk inda na ga shuɗi nan saƙon ya isa, don saƙon da suke gwaji da shi yanzu aikinsa kawai ya rina wurin. Wata uku ta yi kafin ta sami wannan shuɗin. Raina ya yi fari. Na buɗe jaka na ciro fulas na dangwarar a kan teburinta, na ce, "'Yata, na mutum ɗaya nake so. Ƙanƙara kawai za ki nemo mini, sauran aikin nawa ne."

Ta dubi fulas, ta dube ni. "Na wa, Kawu?"

Na miƙa mata ambulan. Ta ciro hoton ta je taga. Ta ɗaga shi ta duba.

"Baba Buba ne?"

"Shi ne."

"Me likita ya ce?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Kai kuma me ka ce masa?" Shi ma na faɗa.

Ta zauna a kujera ta rufe fuska. Da ta ɗago ta ce, "Kawu, zomo ne fa. Zomo ne da alade. Shuɗin nan da ka gani mako biyu ko uku yake yi ya ɓace, jiki na gane ƙwayar ya kashe ta, irin abin da kake so saniyarka ta yi. Ku abin da kuke nema ke nan, mu kuwa shi ne matsalarmu. A jijiyar da ta riga ta lalace ma da ƙyar yake shiga. Ko shekara goma ban ce ba. Kuma ko yau aka gama shi, ba ya dawo da naman da ya mutu. Da nan aka kawo Baba Buba, yau ɗin nan za a yanke."

Na ce ko kaɗan ne ta ba ni in gwada, ba wanda zai sani. Ta ce, "In ba ka abin da zai ƙara masa ciwo? Mutumin da ya riƙa goya ni yana ratsa ruwa da ni zuwa makaranta duk damina? Da ƙafar nan fa, Kawu." Sai ta fashe da kuka, ni da na zo neman taimako na koma ina ba ta haƙuri. Ta ce laifinta ne da ta rubuta wa babanta abin kamar an gama, don tana so ya yi alfahari da ita. Na ce a'a, ita ta rubuta zomo ko ba ta rubuta ba, ni ban tsaya na ji ƙarshen wasiƙar ba.

A ranar muka shiga neman waya. Unguwarmu ba mai tarho, na ofishinmu kuma ya daɗe a mace. Da ƙyar ta sami wani ɗan'uwansu a Kano, ya yi alkawarin ba direban Haɗeja saƙo zuwa ga Malam Yohanna: a kai Buba asibiti yanzu, babu magani. Ta tuƙa mini tuwon garin shinkafa da miyar kuka, abincin da na yi mako ina mafarki, na kasa cin loma uku.

Ranar Talata amsa ta zo. Malam Yohanna ya je da kansa, ya yi magiya, Yaya Hajjo ta yi kuka. Yaya ya ce Ado ya ce sai ya dawo, kuma Ado bai dawo ba.

Na je wurin shugaban kwas na ce zan tafi. Ya ce in na tafi yanzu babu takardar shaida, kuma ba lalle a sake kirana ba. Na ce na sani. Tsohuwar mai gidan ta raka ni har bas, ta cusa mini biskit a aljihu, ni kuma na bar mata sauran yajin. Rifkatu ta biyo ni filin jirgi ta ba ni ɗan ƙaramin hoto, na zoben nan mai ɗigon shuɗi, ta ce in nuna wa Baba Buba, in ce ta ce ya yafe mata. Na naɗe shi na sa a fulas don kada ya lanƙwashe. A dawowa ba wanda ya tambaye ni komai, kare ma bai dube ni ba.

Na iso Haɗeja ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mutanen unguwa na ƙofar gida, kowa na yi mini sannu da zuwa amma idonsa na kan fulas. Tun daga zaure na ji warin. Na shiga na durƙusa inda na durƙusa ranar farko, na ce, "Yaya, na dawo. Babu komai a ciki."

Ya ce, "Sannu da hanya. Nemo mota."

Likitan Kano bai yi mini faɗa ba, na so ma ya yi. Ya buɗe ƙafar ya duba, ya ɗora hannunsa ƙasa da gwiwa inda ya nuna mana da farko, sannan ya ɗaga shi ya mayar sama da gwiwa. Na auna da ido, taƙi ɗaya ne da 'yan yatsu. Mai gwiwa yana iya sa ƙafar roba ya shiga gona. Wanda ba shi da ita, a shekarun Yaya, sai sanda da kujera. Wannan taƙin maganata ce ta ci shi, kuma ba wanda zai gaya mini akasin haka.

Kwana huɗu bayan aikin, da zazzaɓi ya sauka, ya ce in miƙo masa fulas ɗin. Ya buɗe ya zazzago hoton, ya kai shi kusa da ido ya juya shi sama da ƙasa. Na yi masa bayanin zomo da shuɗi da 'yar aike iyakar yadda na gane. Ya ce, "Rifkatu ce ta yi wannan? Mai kukan tsoron kwaɗi?" Na ce ita ce, kuma ta ce ka yafe mata. Ya ce, "Me ta yi? Ka rubuta mata ta ci gaba, wata ƙafar na nan tafe." Ya ce in soke masa hoton a jikin bango inda zai riƙa gani.

Sai na ce, "Yaya, ni ne na cuce ka. Da ban ce ka jira ba, da gwiwarka na nan."

Ya kalli inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashi. Can ya ce, "Ado, kana tsammanin na yarda akwai maganin ƙafar da ta ruɓe a cikin fulas ɗin shanu? Na yi kiwo tun kana rarrafe, na san naman da ba ya dawowa. Tsoro nake ji. Ban so a shiga da ni ɗakin tiyata alhali ba ka tsaye a ƙofa ba."

Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko so ya yi ya sauke mini kayan, kamar yadda ya saba tun ina yaro. Ban tambaye shi ba, kuma ba zan tambaya ba. Fulas ɗin ya koma aikinsa, jiya ma Birniwa na kai shi. Da yamma in na dawo nakan ɗora Yaya a bayan babur in kai shi bakin fadama, in riƙe shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ya kira shanunsa, su kuwa su taho.